Saiwar kirya da na hana ta bushewa

Shekarun baya, lokacin ina da ɗan shagon cajin waya a Yelwa, ina ganin duk garin ba wanda ya kai ni wayewa, na yi wa kawuna wani abu da har yau in na tuna sai abinci ya fita raina.

Kawu, wan Inna, masassaƙin lofe ne, wato tukunyar shan taba, a wani ƙauye kusa da Wara. Shi ba ya shan taba, amma tsofaffin kan tudu ba sa kai lofen kowa baki sai nasa. Saiwar kirya yake tonowa, ya dafa ta kwana biyu, ya jera a inuwar rumbu, sai ta ga damina biyu kafin ya taɓa ta da wuƙa. In ya gama ya goge da man kaɗe, ya yi zane uku a ƙasa, shaidarsa ke nan. Abin taƙamarsa ɗaya ne a duniya: shekara talatin lofensa bai taɓa fashewa a hannun mutum ba.

Ana nan sai wani abokina mai sayar da kayan gargajiya a Abuja ya turo min hotunan lofen Denmark, waɗanda ake sassaƙawa da hannu daga saiwar wani ɗan icen Turai. Sai sheƙi suke kamar an shafa musu zuma. Ya ce in Kawu zai yi arba'in masu irin wannan siffa cikin wata ɗaya, to mun haye. Ni kuwa tun kafin in gama karanta saƙon na riga na sayi mota a zuciyata.

Na hau kabu-kabu na tafi. Kawu ya daɗe yana kallon hotunan, ya ce, "Wanga mutum ya san icce." Sai ya ƙwanƙwasa saiwoyinsa ɗaya bayan ɗaya, yana kara kunne.

"Shida ɗai sunka bushe. Sauran da ruwa cikinsu."

Na ce, "Kawu, Abuja fa ake jira."

Ya ce, "Ɗana, icce bai san Abuja ba."

Da na ga ba zai tanƙwaru ba, na bi ta wajen Inna, don na san bai taɓa ce mata a'a ba. Ta je har gida ta ce, "Yaya, ɗanka na. Kak ka kunyata shi gaban abokai nai." Washegari Kawu ya sauke saiwar duka. Ya so ya bar su ba shaida, ni na nace sai ya yi zanen, wai Turawa na son sa hannu.

Abokina ya zaɓi goma ya dawo da sauran, ya ce masu saye sun fi son na Denmark. Maimakon in mai da wa Kawu, sai na ba wani ɗan tebur a kasuwar Wara. Tsofaffi suka juya su, suka ga zane uku, ba su ko taya ba. Ba a yi sati biyu ba, zafin wuta ya haɗu da ruwan da ke cikin icen, suka shiga fashewa ɗaya bayan ɗaya.

Ina zaune gidan Kawu ranar da wani dattijo ya sauko daga tudu da sandarsa. Tun Kawu na saurayi yake saye wurinsa. Ya ajiye fasasshen lofe, ɓari biyu, a kan tabarma, ya ce, "Naka na?"

Kawu ya juya ɓarin, ya ga zanen. Ina jira ya nuna ni. Ya ce, "Nawa na."

Dattijon ya ce, "To, tsufa ya zo," ya tashi ya tafi. Ni kuwa na sunkuyar da kai ina latsa waya kamar ana kirana.

Daga ranar Kawu bai ƙara tono saiwa ba. Ya koma sassaƙa muciya da ƙotar fartanya, aikin da a da yake cewa na masu koyo ne. Daga baya na karanta cewa su ma mutanen Denmark ɗin dafa saiwarsu suke yi, su ajiye ta shekaru kafin su taɓa. Ashe abin da nake kira ƙauyanci shi ne sana'ar. Sheƙin kawai na gani.

Ina jin haushin abokina, wanda da na ba shi labari ya yi dariya ya ce ai haka aikin mutanenmu na gida yake. Amma haushin kaina ya fi. Kawu ya rasu bai taɓa tayar min da maganar ba, kuma na so a ce ya zage ni ko sau ɗaya. Har yau in aka ambace shi a kasuwar Wara sai wani ya ce, "Allah ya jiƙan shi, gwani na, sai dai hannu nai ya lalace daga baya." Sau uku ana faɗar haka a gabana, ina cewa amin. Yau ne karon farko da na faɗi gaskiya, ita ma gare ku da ba ku san shi ba.