Jimla Biyu Da Suka Kwantar Da Kaka

Ina aji shida a firamaren garinmu Karare aka kawo mana sabon malamin Hausa daga Safana. Mutum ne mai sanyin hali da yawan gaisuwa. Kullum zai jingine babur ɗinsa a gindin bedi, ya gaida kowa har mai tallan rake. Wata safiya ya rubuta kalma a allo: matsananci. Ya ce ana faɗin ta ga ciwon da ya ci ƙarfin mutum, ko ƙiyayyar da ta ƙi jin lallashi. Ya ce kowa ya sa ta cikin jimla biyu kafin a fita tara.

Ni kuwa tun ina ƙarama nake son kalmomi. In na samu sabuwa sai in yi ta juya ta a baki kamar alawa. Wannan ta yi mini daɗi ƙwarai, tana da nauyi kamar hadarin gabas. Jimlar farko ba ta ba ni wahala ba. Na rubuta: Akwai matsananciyar gaba tsakanin kakata da maƙwabciyarmu.

Wannan gaskiya ce tsagwaronta. Kaka da Goggo, tsohuwar da dangar kara kaɗai ta raba gidanmu da nata, ƙawaye ne tun suna 'yan mata. A wajen wani suna ne Kaka ta ciji ƙuli-ƙulin Goggo, ta ce a gaban mata, wannan ai sai a ba magina su sa a harsashin ɗaki. Daga ranar suka shekara bakwai ba su ce wa juna uffan ba. Kowace ta rantse ba ita za ta fara magana ba. In abu ya kama, sai su bi ta kan jar akuyar Goggo, wadda ta huda danga take shigowa gidanmu.

"Ke akuya," in ji Kaka da ƙarfi, "ki gaya wa uwar ɗakinki hayaƙinta ya ishe mu."

Daga bayan danga sai a ji, "Akuya, ki ce wa mai hancin ta toshe shi."

Jimla ta biyu ce ta tsaya mini, don babu mara lafiya a gidanmu. Na leƙa taga, na ga gero yana kaɗawa, na ji tausayi ya kama ni ba dalili. Sai na rubuta: Kakata tana kwance cikin matsanancin ciwo. Har ƙwalla na yi don daɗin jimlar. Alhali da safen ranar na baro ta tana faskare.

Da aka dawo tara Malam ya kira ni gaban tebur, fuskarsa duk ta sauya.

"Yarinya, yaya jikin Kaka?"

Ban taɓa jin an amsa wannan tambaya da wani abu daban ba, don haka na durƙusa na ce, "Da sauƙi, Malam."

Ya girgiza kai. A wajenmu ko mutum yana gargara, da sauƙi ake cewa. Ashe da ya yi azahar a masallacin gari sai ya ja Liman gefe, ya ce ga wata baiwar Allah can rai a hannun Allah, kuma ga gaba a wuyanta. Babana ya kai gyaɗa Batsari, babu mai ƙaryatawa. Liman ya sa aka yi mata addu'a.

Bayan la'asar muna tsakar gida, Kaka tana ɓarar gyaɗa a cinyarta tana jefa rabi a baki, sai ga matar Liman da kwanon kunu.

"Sannu Hajiya! Har kin iya tashi zaune? Kai, alhamdu lillahi."

"Da a tsaye nake kwana?" in ji Kaka.

Matar Liman ta kwashe labari ta faɗa, har da cewa Liman ya aika wa Goggo kada ta bari ƙasa ta rufe ido da gaba a tsakaninsu. Ta ce ta baro ta tana kuka tana neman mayafi.

Kaka ta juyo ta dube ni. Na ce aikin makaranta ne, misali ne kawai.

"Misali? Ni kika kashe da biro, 'yar boko? Duk tsofaffin garin nan ba ki ga na misali ba sai ni?"

Ta ɗaga takalmi, sai kuma hannunta ya tsaya a sama.

"Tsaya," ta ce wa matar Liman. "Kika ce tana tafe? Ita da ƙafarta?"

Kafin a amsa ta ƙulle gyaɗar a bakin zane, ta faɗa ɗaki da gudu, ta miƙe a gado.

"Ke, rufa mini bargo."

"Hajiya, ki ji tsoron Allah," in ji matar Liman.

"Bayana yana ciwo tun bara. Ƙarya na yi?"

Sai ga Goggo ta yi sallama. Na ga yadda ta tsaya a bakin ƙofa tana kallon ɗakin da ta shekara bakwai ba ta shiga ba. Ta zauna a bakin gado ta kama ƙafar Kaka.

"Ƙawata, haka za ki yi mini? Ki tafi ba sallama?"

Kaka ta yi wani nishi mai tsawo.

"Ki yafe ni, don Allah. Ni ce na riƙe abin da bai kai ya kawo ba," in ji Goggo.

"Ba na ji sosai," in ji Kaka a hankali. "Wa kika ce ya riƙe?"

"Ni ce."

"Ƙara faɗa, matar Liman ta shaida."

Goggo ta buɗe baki za ta maimaita ke nan, sai ga jar akuya ta biyo ta har cikin ɗaki. Ta shinshina, ta tura kai ƙarƙashin bargo, ta fizgo bakin zanen Kaka. Gyaɗa ta watse a ƙasa. Ban san sa'ad da Kaka ta diro daga gado ba. Sai dai na hango ta a tsakar gida da muciya, tana zagaya turmi a guje tana cewa, "Ɓarauniya! Gyaɗar iri ce!"

Goggo ta fito ta riƙe ƙugu. Hawayen bai ma bushe a fuskarta ba.

"Lallai! Wannan ce gawar?"

"Addu'ar Liman ce ta karɓu," in ji Kaka tana haki.

"Maido mini da yafiyata!"

"An riga an shaida. Ke kika fara magana."

"Da mai mutuwa na yi magana, ba da ke ba, uwar makirci!"

"To ga ni ban mutu ba, kuma har yanzu ƙulinki dutse ne."

"Haƙoranki ne ruɓaɓɓu tun kina budurwa!"

Suka yi ta yi ido da ido har rana ta yi ja. Innata tana bakin murhu tana dariya tana share ido da gefen zane. Da faɗan ya gajiyar da su, Goggo ta zauna a tabarmar Kaka don ta huta, ta jawo kunun matar Liman. Ludayi ɗaya ne, suka riƙa karɓa-karɓa, kowace tana cewa ɗayar ta fi cika shi.

Washegari Malam ya ji komai. Bai doke ni ba. Ya soke jimla ta biyu da jan biro saboda ƙarya ce, sannan ya soke ta farkon ma, ya ce ita kuma ta daina zama gaskiya. Na tashi da sifiri. Tun daga ranar duk jimlar da na kai masa sai ya tambaya, "Wannan misali ne, ko in je dubiya?"

Da na koma gida na tarar an faɗaɗa ramin dangar yadda mutum zai iya wucewa a sunkuye. Su biyun suna zaune a inuwa suna ɓarar gyaɗa, suna gardamar wa ya fara magana. Kaka ta jiƙa ƙulin Goggo a kofi tana jira ya yi laushi. Akuya kuwa an ɗaure ta a turke, tana ta kuka, babu mai aiken ta.