Rabin Awar Ranar Lahadi

Abubuwa da yawa sun same ni a Diffa waɗanda yanzu sai an tuna mini nake tunawa, amma akwai wata Lahadi guda da ko tsufa ya cinye mini hankali ba na jin za ta fita daga raina. Na daɗe ina riƙe da labarin nan ban ba kowa ba, don ba ni ne mutumin kirki a cikinsa ba.

Ni ɗan wani ƙauye ne kusa da Maradi, daga gidan Kirista, kuma ni ne autan innata. Duk wanda ya san auta ya riga ya san rabin halina. Ina da shekara ashirin, gemu ya fara tsirowa, amma ban taɓa yin sati guda a wani gari ba tare da ita ba. Da na gama shekarar farko a makarantar Littafi Mai Tsarki, sai aka rarraba mu garuruwa domin horon aikin bishara na wata shida. Ni sunana ya faɗa Diffa. Ranar tafiya na yi ta cika baki a tasha, ina cewa ko ƙarshen duniya aka aike ni zan je. Kafin mota ta kai Damagaram na riga na share hawaye sau biyu da hannun riga, ina yi kamar wani abu ne ya faɗa mini a ido.

Faston da aka damƙa mu a hannunsa dattijo ne, tsohon malamin lakwal, wato makarantar boko, mutum mai agogo a hannu da agogo a kai. Baba muke ce masa. Ranar da muka isa ya zaunar da mu ya karanta mana dokokin horo. Ta farko, biyu-biyu ake tafiya; duk inda abokin aikinka ya sa ƙafa nan za ka sa taka, ban da bayan gida. Ta biyu, kowa ya miƙa wayarsa, sai ranar komawa gida zai sake ganinta. Ta uku, akwai wata tsohuwar waya guda a aljihun teburinsa, kullum a kashe take, sai ranar Lahadi bayan sujada yake kunna ta ya ba mu rabin awa, mu biyu mu raba, kowa ya gaida gida. Ya ce wanda bai koyi zama da kewa ba, ba zai iya zama da mutane ba. A raina na ce wannan tsoho bai san ni ba.

Abokin aikin da aka haɗa ni da shi ya girme ni da shekara biyar ko shida, don haka Yaya nake ce masa. Daga can yammacin ƙasa ya fito, wajen iyakar Burkina. Yana jin yarensu, yana jin Zabarmanci da Faransanci, amma Hausarsa ba ta wuce ta cefane ba. Dogo ne, shiru-shiru, in ka yi masa magana goma sai ya ba ka amsar ɗaya. Ni kuwa bakina ba ya hutawa. Ka ga an haɗa mai surutu da wanda ba ya magana, an kuma hana su rabuwa.

Lokacin an hana hawan babur a yankin saboda tashin hankali, don haka a ƙafa muke komai. Da safe mu zaga gidajen 'yan majami'armu, waɗanda ba su da yawa: ma'aikatan gwamnati da aka turo daga nesa, matan sojoji, sai wasu iyalai da suka tsallako kogi suna gudun rai. Mu duba marasa lafiya, mu yi addu'a, mu koya wa masu so karatu. Wani lokaci aikin ya kai mu har bakin kogin Komadugu, inda ake shanya tattasai ja wur a ƙasa iyakar ganinka, ka yi ta atishawa har idonka ya yi ruwa. Mutane suna da kirki, ba zan yi musu ƙarya ba. Sai dai in hira ta yi daɗi sai su juya Barbarci, kowa ya fashe da dariya, ni ina tsaye ina murmushin da ban san dalilinsa ba. In na juya wajen Yaya, shi yana kallon ruwa. Ban taɓa sanin mutum zai kwana ɗaki ɗaya da wani, ya ci kwano ɗaya da shi, ya yini kafaɗa da kafaɗa da shi, kuma kaɗaici ya nemi kashe shi ba, sai a Diffa.

Akwai wani Alhaji ɗan Damagaram mai kanti a jikin gidan Baba. Shi ne kaɗai nake ɗan saki jiki da shi, duk da tsiyar da yake mini. Ko yaushe muka wuce sai ya leƙo ya ce, "Ɗan Maradi, yau ma an yi kukan gida ko an huta?" Sai in yi dariyar yaƙe, amma a raina ina tafasa, don gaskiya yake faɗi.

Duk satin ba abin da nake jira sai Lahadi. To amma ga inda matsalar take. Innata ba ta da waya, kuma a ƙauyenmu rezo, wato layin waya, ba ya kamawa sai a ƙofar wani mai kanti da ke kan tudu. Shi nake kira, shi kuma ya tura matarsa ta je ta kirawo ta. Ranar Lahadi da rana kuwa Inna tana wajen zumuntar mata, kuma ko gobara ake ba ta tashi sai an rufe da addu'a. Ga ciwon gwiwa. Kafin ta tako ta hau tudun nan, kwata ɗin awar da ke rabona ya kusa ƙarewa. Lahadin farko abin da na samu shi ne, "Auta, kana cin abinci?" Ban gama amsawa ba lokacina ya cika. Ta biyu ko muryarta ban ji ba, sai numfashin mai kanti yana ce mini ga ta nan tafe, ga ta nan tafe. Na miƙa wa Yaya waya, na tsaya gefensa kamar yadda doka ta ce, ina jin yana ta dariya da mutanen gidansu cikin yaren da ban sani ba. Ranar na ji haushinsa kamar shi ya hana Inna sauri.

A satin nan na haɗa kayana cikin jaka na tura ƙarƙashin gado. Na yanke cewa in Lahadi mai zuwa ta zo haka, Litinin da safe ina tasha, aikin bishara kuwa a nemi wani. Na san abin kunya ne, na san za a ce autan wance ya kasa, amma na kai inda kunya ba ta dame ni ba. Ban gaya wa kowa ba. Na manta cewa wanda yake share ɗakin nan kowace safiya Yaya ne.

Lahadi ta uku, Inna ta iso daidai lokacin da rabona ya ƙare. Na cire waya daga kunne zan miƙa masa, sai ya tura hannuna baya. Ya ce, "Ƙanena, yi magana. Gidanmu lafiya."

Ban yi masa ko tayin ƙarya ba. Na mayar da waya kunne na sha hira da Inna har sai da Baba ya ƙwanƙwasa tebur daga ɗaki. Ta ba ni labarin akuyarta da ta haihu, da rufin ɗakin da ke yoyo, da wadda ta yi faɗa da wa a zumunta. Na koma ɗaki ina jin kamar an sauke mini buhu daga ka. Lahadi ta gaba ma haka ya yi, da wadda ta biyo ta. Daga baya ma ban ƙara miƙa masa ba, rabin awar ta zama tawa kamar gadon ubana. Baba bai sani ba, don yakan ba mu wayar ne ya koma ciki da agogonsa. Na fitar da kayana daga jaka, na fara cin abinci da kyau, har Alhaji ya ce ɗan Maradi ya yi kumatu. Lahadi biyar cur. Kuma a cikinsu ko sau ɗaya ban tambayi Yaya su wa ya bari a gida ba. Ban san ko ubansa na da rai ba, ban san ko yana da ƙanne ba. Abin da na sani kawai shi ne ni nake kewa.

A Lahadin da ta biyo bayan biyar ɗin nan muna tsaye ƙarƙashin itacen bedin da ke bayan majami'a, Inna tana tsakiyar ba ni labari sai rezo ya yanke. Ina ta danne-danne cikin fushi, ina tsine wa tudun mai kanti, sai wayar ta yi ƙara a hannuna. Na ɗauka da sauri ina cewa, "Inna?" Sai na ji muryar wata mace tana magana da gaggawa cikin wani yare, tana maimaita sunan Yaya. Har na ɗan ji haushi, wai ana cinye mini lokaci. Na miƙa masa.

Bai yi magana mai tsawo ba. Ya saurara, ya ce wani abu sau biyu a hankali, sannan ya zauna a ƙasa, shi da ko a gona ba ya yarda wandonsa ya taɓa ƙasa. Da ya gama ya ajiye wayar a kan gwiwarsa ya ce mini, da Faransanci, babansa ya rasu. Ran Laraba aka binne shi.

Sauran bayanin a wajen Baba na ji, da Yaya yake faɗa masa ina tsaye a gefe. Ashe tun kafin ya baro gida tsohon ba shi da lafiya, amma a kiran farko an ce masa da sauƙi. Daga baya jikin ya rikice. Ƙanwarsa ta yi ta kiran lambar nan, ita kaɗai suke da ita. Ranakun mako a kashe. Ranar Lahadi kuwa, cikin rabin awar da take a kunne, kullum sai ta ji ana magana a layin. Sati uku tsohon yana sa a zaunar da shi bayan sujada, a ajiye masa waya kusa, yana jiran ɗansa. Ni kuwa a daidai lokacin ina jin labarin akuya.

Baba ya cire tabarau ya ajiye a kan tebur. Bai yi mini faɗa ba, kuma da ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya ce wa Yaya in yana son tafiya gida za a sa shi a mota da safe. Yaya ya ce tafiyar kwana biyu ce, kuma an riga an rufe tsoho. Zai ƙarasa abin da ya kawo shi, don shi ne abin da babansa ya sa masa albarka a kai.

Kafin la'asar labari ya zaga unguwa. Alhaji da kansa ya rufe kanti ya kawo tabarmi ya shimfiɗa a ƙofar gida, matan maƙwabta suka aiko da abinci, masu lambun tattasai da muke wucewa muna gaisawa suka zo da hulunansu, Musulmi da Kirista, aka zauna. Wani dattijo Babarbare ya tambaya ina dangin mai rashin, don a yi musu gaisuwa su ma. Baba ya ɗaga hannu ya nuna ni, ya ce ga ƙanensa nan. Aka matsar da ni kusa da Yaya. Kwana uku mutane suna durƙusawa a gabana suna ce mini yaya haƙuri, ina amsa da godiya, a kan mutumin da ni na tare masa muryar ɗansa. Duk wanda ya ce mini Allah ya ba da haƙuri sai in ji kamar ya mare ni.

A kwana na uku da rana, da mutane suka ɗan ragu, na kasa daurewa. Na ce masa, "Yaya, don me ka bar mini? Don me ba ka ce mini babanka ba lafiya ba?"

Ya daɗe yana neman kalmomin Hausar da za su ishe shi. Sannan ya ce, "Na ga jakarka a ƙarƙashin gado. Na ce, in bai ji innarsa ba zai gudu. Ni ba zan gudu ba." Ya ƙara da cewa, "Kuma ba ka tambaya ba."

Ba da zafi ya faɗa ba, kamar yadda zai ce mini ruwa ya ƙare a randa haka ya faɗa. Na yi kuka a wurin nan har Alhaji ya taso ya dafa ni, yana zaton kukan mamacin nake.

Lahadin da ta biyo, Baba ya kunna waya ya miƙo mini kamar yadda ya saba, ni kuma na sa ta a hannun Yaya. Ya kira innarsa. Na tsaya a gefensa ƙarƙashin bedin nan rabin awa cif, ina sauraron yaren da ban san ko kalma ɗaya a cikinsa ba, kuma ban taɓa sauraron wani abu da kyau kamar ranar ba. Na san a can kan tudu Inna ta hau da gwiwarta tana jira, kuma wayar mai kanti ba za ta yi ƙara ba. Ya yi mini ciwo ƙwarai. Na bar shi ya yi, don a ranar na san irin zaman da wancan tsoho ya yi.

Sai sati na gaba na gaya wa Inna komai. Ta ce ba haka ta raine ni ba, in ba ta yayan nawa. Ban san abin da suka faɗa wa juna ba, ita da Hausarta ta ƙauye, shi da tasa ta cefane, amma na ga yana gyaɗa kai yana share ido. Daga ranar ta daina zuwa zumunta sai ta fara hawa tudu ta zauna, don kada in ci lokacin ɗanta, kamar yadda ta koma kiransa.

Na gama wata shidan, kuma yau shekaru ke nan ina wannan aiki, har ana turo mini matasa horo. An koya mini abubuwa da yawa a Diffa, yadda ake shirya wa'azi da yadda ake zama da mara lafiya, amma abin da ya zauna mini shi ne wannan: kewa tana sa mutum ya ɗauka shi kaɗai ya baro gida. Shi ya sa duk biyun da aka turo mini, kafin in karanta musu wata doka, nakan zaunar da su in sa kowa ya tambayi ɗan'uwansa wa ya bari a baya, kuma yaya jikinsa. Tambaya ce da ba ta cin minti ɗaya. Ni na yi Lahadi biyar da waya a kunne ban yi ta ba.