Shekarar da Kunun Rahab Ya Tsinke

A ranar godiyar kaka kowa a coci ya yi wa Rahab sannu da aiki. Ita kaɗai ta lura da kofunan da aka tura ƙarƙashin benci, da rabin kunu a ciki.

Tun tana amarya a Tsiga take dama kunun zaƙi. Da shi ta riƙe gida bayan rasuwar mijinta Habila, kuma duk taron zumuntar mata ita ake ba aikin. Ba ta taɓa zuba sukari ba. Takan dama gasarar gero, in ta sha iska ta zuba niƙaƙƙen tsiron dawa da busasshen dankali, ta rufe. Zaƙin da kansa yake zuwa.

Bana asibiti suka ce ciwon sukari ya kama ta, ta daina ko ɗanɗanawa. Dankali kuma ya yi wuya, sai ta ninka tsiro a madadinsa, tunda a ganinta aikinsu ɗaya. Kunu ya fito tsululu, salam. Shugabar zumunta ta ce, cikin ladabi, ko za a ba wata kunun Kirsimeti, Mama ta huta.

'Yarta Elizabeth, mai karatun kimiyya a Zariya, ta zo hutu ta tarar da zancen.

"Mama, sinadarin da ke cikin tsiro da na cikin dankali dangin juna ne, duk sitacin gero suke yankawa. Bakinsu ne daban. Sitacin nan kamar igiya yake. Na tsiro bakinsa a buɗe, igiyar ta kwanta ciki ya datse ta a tsakiya, shi ya sa kunu ke tsinkewa. Na dankali kamar aljihu ne, kan igiyar kawai ke shiga, ya riƙa gutsuro sukari kaɗan-kaɗan."

"Wato ɗaya mahauci, ɗaya ɓera."

"Kusan haka."

"Duk zaman nan a Zariya, ɓera kika je koyowa?"

Ranar kasuwa dai Rahab ta sa aka zo mata da dankali daga Malumfashi, ta fere, ta shanya, ta dama ƙaramar tukunya. Da kunun ya yi, ta ɗebo a ludayi ta tsaya tana kallonsa. Sai ta leƙa ta katanga ta kira maƙwabciyarta.

"Hajiya Mero, zo ki ara mini harshenki."

Mero ta kurɓa, ta sake kurɓa.

"Maman Eli, tsakani da Allah ba ki zuba sukari ba? Ƙaro mini, ban gama bincike ba."

Rahab ta cika kwano ta ba Elizabeth ta kai wa shugaba, ba tare da wani saƙo ba. Da la'asar aka aiko tambayar gero nawa za a auno na Kirsimeti. Ta faɗa musu, sannan ta shiga rumfa ta kwance akuyarta ta ba ta ruwa.