Don Nicanor Ba Ya Bin Layi

A unguwarmu ta bakin kogi a Magangué babu wanda bai san Don Nicanor Pájaro mai gyaran fanka ba. In ma ba ka san shi ba, shi zai gaya maka ya san ka, ya kuma san wanda ya fi ka. Tunda uwarsa ta haife shi bai taɓa tsayawa a layi ba, da wannan yake taƙama sai ka ce wani digiri. Layi, in ji shi, na marasa mutane ne.

Dabararsa ɗaya ce. Duk cikin da matarsa Doña Eudosia ta ɗauka, tun kafin a haihu ya gama zaɓen wanda zai tsaya wa yaron uban baftisma a coci. Ba ya duba hali, ofis yake dubawa. Babban ɗansa ya samu ɗan sanda, mai bi masa ya samu mutumin kamfanin lantarki. Da an zuba wa yaro ruwa a ka, mutumin da uban yaron sun zama kompadre, uwar kuma komadre, kompadre kuwa a wurinmu ba a ce masa a'a, ba a kuma kunyata shi. Autarsa Yuranis aka ba Temístocles, wanda ke aiki a babban asibiti. Wane aiki? Oho! Yana dai da farar riga da tarin makullai a ƙugu, wannan ya ishi Don Nicanor. Shekara da shekaru, duk Kirsimeti kifin da ya fi girma a kasuwa gidan Temístocles yake kwana.

Yuranis ta girma ta yi aure, ta zo haihuwar fari. Aka yi mata aiki aka ciro namiji lafiyayye, ita kuma zazzaɓi ya kama ta ya ƙi sauka. Aka keɓe ta a ɗaki ita kaɗai, ko jaririn ba a bari ta taɓa ba. Wata matashiyar likita ta ce suna zargin wata ƙwayar cuta ce dangin funfuna, mai shiga jini, wadda ba ta jin maganin da aka saba bayarwa. Ba su da injin da zai tabbatar, sai an aika gwajin Bogotá, babban birnin ƙasa, kamfanin inshora kuma ya ce ba zai saki maganin mai ƙarfi ba sai ya ga sakamako.

Sakamako fa shiru. Asibiti ya ce a tambayi inshora, inshora ta ce na'urarta ta tsaya, a dawo bayan hutu. Mutane ne masu ƙamshin turare a bayan gilashi, suna shan sanyin na'ura, suna ce maka "yi haƙuri" ba tare da sun ɗago kai ba. Amma ko mai sayar da rogo a tasha ya san maganin wannan rashin mutunci: ka kai ƙara gaban alƙali, ko lauya ba ka buƙata, ya ba da umarni, sai ka ga abin da ya ɓata ya fito da gudu.

"Nicanor, tashi mu je kotu," in ji Doña Eudosia.

"Kotu? Ni? In kai wurin aikin kompadrena ƙara? Ke, kanki ɗaya kuwa? Ina zan sa fuskata a garin nan?"

"'Yarka ce a kwance, ba fuskarka ba."

"Ke dai ba ki san yadda duniya take ba. Temístocles yana ciki. Ya ce gobe."

Kullum da la'asar sai shi da kompadrensa su zauna gindin mangwaro suna buga domino, Temístocles ya kurɓi giyar rake ya ce, "Kwantar da hankalinka, kompadre, na yi magana da na sama." Don Nicanor ya dawo gida yana hura hanci, wai an kusa. Kai, wauta ma in ta samu gashin baki ba ta da kyan gani.

Da abin ya ishe ta, Doña Eudosia ta ɗauki lemarta ta tafi kotu ba ta ce masa komai ba. Ta bi layi cikin rana kamar kowa. Daga nan ta biya asibiti, ta zaga baya neman famfo ta wanke fuska, sai ga Temístocles yana tura keken zannuwan gado masu datti. Makullan nan na ɗakin wanki ne.

"Ashe nan kake? Kai ne mai magana da na sama?"

Ya sunkuyar da kai. "Komadre, ai bai taɓa tambayata aikina ba. Kuma ta yaya zan dubi kompadre in ce ba zan iya ba?"

Ta tofar da yawu a gefe ta wuce. Satin bai ƙare ba alƙali ya ba da umarni, sakamako ya iso, daidai da abin da likitar ta faɗa tun farko. Aka sa maganin, zazzaɓi ya sauka, Yuranis ta tashi. Sai dai ƙwayar ta samu lokacin da take so, ta riga ta kai ga idanu, duka biyun.

Ranar da aka sallame ta, Don Nicanor ya sa farar rigarsa ta coci ya tsaya a ƙofar gida yana karɓar barka, yana gaya wa maƙwabta wai sai da aka taɓa manya. Da ya shiga ciki ya tarar an zaunar da ita a kujera, an ɗora mata ɗanta a cinya karo na farko. Tana bin fuskar yaron da yatsu, goshi, hanci, kunne.

"Baba, kai ne ka shigo? Zo ka gaya mini, da wa ya yi kama?"

Ta juyo da fuska tana murmushi wajen da take zaton yana tsaye, shi kuwa yana ɗaya gefen.