Ranar da Iro ya ce mini yana jin tsoro

Shekara ashirin da bakwai ke nan da rasuwar Iro, taubashina, ɗan ƙanwar babana ta Tsibiri. Waɗanda suka san ni a Sabon Gari za su yi mamakin wannan rubutu, ni da ko a zaman makoki sai an toshe mini baki da rawani.

Zamanin Nasara ne. Faransawa suka ɗauke shi daga lakwal, wato makarantar boko, suka sa shi soja, suka koya masa tuƙin jirgi mai farfela. Ni kuwa na cika Maraɗi da labari, na ce Iro na iya sauke jirgi bisa rumbu, ya ɗebi gero, ya tashi.

Hutunsa na ƙarshe, muna tafe a ƙasa zuwa Jiratawa gaida kakarmu, na lura ya rame. Ya ce an mai da shi ga sabon jirgi marar farfela, wai jet. Tsohon, in ji shi, doki ne: ka ba shi wuta ya zabura nan take, ka rage ya lafa. Wannan kuwa in ka rage wuta gudunsa yake, in ka ƙara sai ka karance Ƙulhuwallahu kafin injin ya amsa. Kansa ya gane, hannunsa ne ya ƙi mance tsohon. Sau biyu wajen sauka ya ga ƙasa na taso masa, injin bai farka ba. Yana so ya roƙi kumandansu a mai da shi ga farfela.

Ya tsaya tsakiyar hanya ya ce, "Wallahi tsoro nike ji."

Ni kuwa na ga abin tsokana ya samu, tsakanin taubasai ai ba a barin irin wannan ta wuce. Na ce, "Ashe bawan nawa matsoraci ne? Bari mu isa in sa kaka ta ɗaura maka zane." Haka na yi ta yi har ƙofar gida. Ya yi dariya, don al'ada ba ta ba shi damar fushi da ni ba. Bai roƙi kumandan ba.

Bayan wata huɗu takarda ta iso. Wajen sauka jirgin ya yi ƙasa da yawa, ya ba shi wuta, injin ya makara. Can inda ya faɗi aka rufe shi, ba mu ga gawa ba.

Yau tsofaffin Maraɗi na shiga jet zuwa Makka suna cin goro, har da masu minshari. Da Iro zai gani, ban sani ba ko dariya zai yi, ko zai kasa kunne ga injin har a sauka. Ni dai sau biyu 'ya'yana na matsa mini in tafi, ina cewa ƙafa ke ciwo. In jirgi ya gitta bisa gari, sai in bi shi da ido har ya ɓace.

Bai bar ɗa ba, bai bar gida ba. Abin da ya rage nasa yana bakina. Har yau ina tsokanar kowa, limaminmu ma bai tsira ba, amma duk wanda ya ce mini yana jin tsoro, sai in jawo tabarma in ce zauna, faɗa mini. Allah Ya jiƙan Iro, ni kuma Ya yafe mini.