Takardar 'Yancin Malam Nomau

Shekara bakwai na yi ina koyarwa a lakkol, wato makarantar boko, ta wani ƙauye kusa da Droum, a can na san Malam Nomau. Ba zan faɗi sunan ƙauyen ba, don har yau ina da mutane a cikinsa. Dogo ne siriri, ya ba sittin baya, yana noman gero da gyaɗa kamar kowa. Shekara ashirin da biyu shi ne ladan, shi ne kuma na'ibin liman. Tun da ciwon gwiwa ya kama Liman Mahamud, Malam Nomau ke jan salloli biyar, sai ranar Juma'a kaɗai ake tallabo tsohon a kawo shi.

Labarin kakansa kowa ya san shi, ba a dai faɗa a gabansa. An kama shi yana yaro a wani hari can kudu, zamanin da Damagaram ke yaƙe-yaƙenta, aka sayar da shi ga wani bafatake na cikin Birnin Zinder mai suna Garba. Garba ya sa masa suna Nagode, ya kai shi rinji, wato gonar da bayi ke nomawa. Rinjin nan ne ya zama gefen ƙauyen. Malam Nomau ya taɓa gaya mini cewa ya riski kakan nasa da rai, kuma tsohon ya mutu bai tuna sunan da uwarsa ta raɗa masa ba. Abin da ya rage masa daga gida tsagar fuskarsa ce, da kalmomi uku na wani yare da ba wanda ya gane. Da Nasara suka hana cinikin bayi, bai san hanyar da zai bi ba, sai ya zauna.

Liman Mahamud ya rasu bayan kaka. Da aka yi sadakar bakwai, maigari Suma'ila ya tara dattawa a rumfarsa da hantsi, ni ma aka kira ni. Duk mun ɗauka Malam Nomau za a naɗa liman.

Maigari ya gyara murya ya ce, "Allah gafarta Malam, ba wanda ke shakkar karatunka. Amma kai ma ka san abin da littafi ya ce. Bawa ba ya limancin Juma'a."

Malam Nomau ya waiga dama da hagu, ya ce, "Ranka ya daɗe, wane ne bawan?"

"Kakanka ba a 'yanta shi ba, haka kakarka, haka mahaifiyarka. Nasara ne ya ce a sake su, Nasara kuwa ba shi ya saya ba."

Mutanen da suka shekara ashirin suna sahu a bayansa suka sunkuyar da kai. Ni ma na sunkuyar.

Da la'asar na same shi a gida, na ce masa akwai doka a ƙasar nan, kiran mutum bawa laifi ne, mu je wajen zandarmomi, jami'an tsaro. Ya ce, "Mushe," don haka ake kiran malamin lakkol a can, "zandarman ne zai zo ya tsaya bayana ranar Juma'a?" Sannan ya ce tunda littafi suka kawo, zai bi su ta littafi. Zai nemo magajin Garba ya 'yanta shi a gaban shaidu.

Ranar Lahadi na goya shi a moto muka shiga Zinder. Mun sha tambaya a lungunan Birni kafin a nuna mana gidan. Babban gidan ƙasa ne, rabinsa ya zube. A zaure muka tarar da wani tela yana ɗinkin rigunan 'yan lakkol, sunansa Mutari, shi ne babba cikin zuri'ar Garba da suka rage. Ba zai wuce hamsin ba, ya rame, tabarau ɗinsa ɗaure da zare.

Da Malam ya yi masa bayani, sai ya cire ƙafa daga keken, ya saki baki. "Mu? Muna da bayi a wajen Droum?" Ya yi dariya, ya leƙa waje ya ƙwala wa maƙwabtansa kira, wai su zo su ji abin mamaki. Mutum uku suka shigo. A gabansu ya sa Malam ya maimaita komai daga farko. Ina kallon telan nan yana ta gyara zama, yana miƙe wuya. Da muka shigo "Malam" yake ce masa, kafin a gama ya koma "Nomau".

Ɗaya daga cikin maƙwabtan ya ce ai mai neman 'yanci ba ya zama kan benci ɗaya da ubangidansa. Malam Nomau ya sauka ya tsugunna a kan ƙyallayen da ke zube a ƙasa. Mutari ya ce, "Na 'yanta ka saboda Allah." Ya yago takarda daga littafin awonsa ya miƙo mini, ya ce in rubuta da Faransanci don ta yi ƙarfi.

Na fara rubutu, na tambaya ko in sa har da 'ya'yansa da jikoki.

Mutari ya ce, "Su nawa ne?"

Malam ya ce, "'Ya'ya biyar, jikoki tara."

"A'a, sa sunansa shi kaɗai. Sauran su zo da ƙafarsu, ai ya kamata mu san juna."

Muka hau moto muka dawo ƙauye.

Kashegari na karanta takardar a rumfar maigari, na fassara. Maigari ya ce alhamdu lillahi, yau Malam ya zama ɗa. Sannan ya ce sai dai an makara, don dattawa sun riga sun aika wa Abdul'aziz, ɗan marigayi liman, wanda ke sayar da wayoyi a Zangon Zinder, kuma ya amsa. Ya ƙara da cewa ko ba haka ba, jama'a ba za su sake da wanda jiya-jiya aka 'yanta ba.

Abin da ya fi ciwo a gida ya faru. Yusufu, babban ɗan Malam, magidanci mai 'ya'ya uku, ya tsaya a tsakar gida ya ce, "Baba, kafin ka tafi zance ne kawai, mai faɗa ma sai ya ɓoye. Yanzu ka je ka karɓo shaida. Kai ka fita, mu ka rubuta mu a ciki." Bai ƙara wata ɗaya ba ya kwashe iyalinsa ya yi Agadas. Sauran 'ya'yan ba wanda ya je wajen Mutari, ba kuma wanda ya ƙara ɗaga kai a ƙauyen kamar da.

Abdul'aziz ba mugun mutum ba ne, kuma a hannun Malam Nomau ya yi karatun allo. Amma kasuwa ta cinye masa tilawa. Juma'ar farko ya sarƙe a aya, Malam ya ɗora shi daga sahun gaba, kamar yadda ake yi. Ta biyu ma haka. Bayan ta uku maigari ya aiko a ce masa ya daina gyara wa liman da ƙarfi, mutane na cewa huce haushi yake yi. Daga ranar Malam ya koma sahun baya, wajen takalma. Kiran salla ma ya bar wa wani, ya ce muryarsa ta gaji.

Shekara biyu bayan haka aka mai da ni Garagumsa. Da na je sallama na same shi a gona yana cirar gyaɗa. Na ce ya yafe mini, da hannuna na rubuta abin nan. Ya ce, "Ni na kai ka, Mushe." Ya kaɗe ƙasa daga wani tushen gyaɗa ya ba ni, ya ce in kai wa iyali.

Ya rasu da damina, bayan zazzaɓin kwana huɗu. Abdul'aziz ne ya yi masa salla. Yusufu bai zo ba, ta waya ya karɓi gaisuwa. Ni na isa ranar sadakar uku, ina zaune a ƙofar gida sai ga wani direba daga Zinder da ƙullin goro da saƙo. Ya tsaya a gaban jama'a ya ce Mutari na Birni ne ya aiko shi, yana yi wa kowa ta'aziyyar yaron gidan Garba, kuma yana tuna wa iyalin mamacin cewa ƙofarsa a buɗe take.