Haƙorin da ya daina ciwo

Wata Litinin ce da hantsi, cikin daminar 1996, yayana Bitrus ya goya ni a babur daga gidanmu na Nukkai zuwa babban asibiti. Ina riƙe da tawul a haɓa, don yawu yana zuba na kasa haɗiye shi.

Ban taɓa ba da wannan labari a nan ba. Jiya wata ƙawata ta rubuta cewa haƙorinta ya daina ciwo da kansa, tana murna. Gabana ya faɗi, shi ya sa nake magana yau.

A lokacin na gama jami'a ke nan, ina jiran kiran bautar ƙasa. Haƙorina na can ciki, na ƙasa ta hagu, ya yi kogo. Mama ta daka kanumfari ta ce in cusa. Ya yi ta zugi, sai rana ɗaya ya yi shiru.

"Kin gani? Tsutsar ta mutu," in ji Mama.

Ba a jima ba zazzaɓi ya zo. Na je ƙaramin asibitin unguwa. Ni mai tsoro ce, ba na rage komai, don haka na faɗa wa malamin asibiti duka, har da haƙorin.

"Yana ciwo yanzu?"

"A'a, Malam, ya daina."

"To ai ya warke. Haƙori ma ba aikinmu ba ne, akwai masu shi."

Ya duba idona, ya danna cikina, ya auna zafin jikina a hammata. Bai ce in buɗe baki ba. Ya ba ni maganin maleriya, na yi ta susa.

Da na koma aka ɗibi jini, aka ce taifot. Na sha wani maganin.

Sai ƙasan haɓata ya kumbura, ya yi tauri kamar katako. Maƙwabta suka ce hangum ne, aka shafa mini bula ta wanki. Harshena ya fara tasowa sama. In na kwanta sai numfashi ya toshe, dole in zauna.

Likitar da ta gan ni a babban asibiti mace ce, da ƙaramar tocila a aljihu.

"Buɗe baki."

Yatsa ɗaya kawai ke shiga. Ta sa ɗan katako ta haska.

"Wannan haƙori fa?"

"Ya warke, Dakta," in ji Yaya.

"Bai warke ba. Jijiyarsa ce ta mutu, shi ya sa ya yi shiru. Ruɓar ta gangara ƙarƙashin harshe, tana neman rufe mata hanyar iska."

Aka ɗaura mini ruwa da maganin kashe ƙwayoyin cuta, aka jingina ni da matashin kai, aka hana ni kwanciya. Wata nas ta ajiye tire a gefen gado, rufe da koren ƙyalle.

"'Yata, wannan na mene ne?" Mama, da ta biyo mu asibitin, ta tambaye ta.

"In numfashi ya tsaya, Mama, za a huda maƙogwaro a nan take."

Mama ta zame ta zauna a ƙasa, ta koma addu'a da yarenmu. Ni kuwa idona a kan tiren, ina jin kowane numfashi yana fita da ƙara kamar usur.

Kafin la'asar aka tsaga ƙasan haɓata, aka matse ruɓar, aka bar 'yar roba a ciki. Warin ya kori Yaya waje. Da ya dawo ya ce, "Rifkatu, duk bokon nan naki, ashe abin da kika tara ke nan?" Na so in yi dariya, bakin ya ƙi.

Ba a buɗe tiren ba. Ranar da aka ɗauke shi na yi kuka.

Da bakina ya buɗu, likitan haƙori ya cire haƙorin. A tasi muka koma gida, don Yaya ya sayar da babur ɗinsa ya biya kuɗin asibiti.

Nas ɗin nan ce ta ce mini, "Ita Dakta ko ƙafa ka karya sai ta leƙa bakinka."

Na gode wa Allah, na gode wa Mama da Yaya, da likitar da ban ma riƙe sunanta ba.

Jama'a, haƙori mai kogo in ya yi shiru, a je a duba shi. Kumburi a ƙasan haɓa da wahalar haɗiya ba abin jira ba ne. Ma'aikatan ƙananan asibitoci, don Allah ku riƙa leƙa baki. Ba sai kun cire haƙori ba, ku gani ku tura.

Har yau ban san ko na taɓa yin maleriyar nan ba, ko taifot ɗin. Ban san sauran lokacin da ya rage mini ranar Litinin ɗin ba; na tambaya, likitar ta ƙi faɗa. Ban san ko a ƙaramin asibitin nan yanzu ana cewa a buɗe baki ba.

Ni dai duk likitan da na zauna a gabansa, ba na jira ya ce.